Jinyar Baba Maiturare

"Yaya Barakatu, zo ki kama mini. Ya sake faɗuwa."

Muryar Siddiƙa ce ta tsallako katanga. Ba ihu ta yi ba, a hankali ta faɗa, kamar mai neman aron muciya. Na tsayar da keken ɗinki, na yafa mayafi, na zaga ta zaurensu.

A bakin makewayi na same su. Baba Maiturare yana kwance a siminti, ɓarin da ya shanye ne a ƙasa, buta ta kife, ruwa ya jiƙa masa wando. Siddiƙa ta riga ta rufa masa zani daga ƙugu zuwa gwiwa. Da ya gan ni sai ya juya fuskarsa ga bango.

"Sannu, Baba," na ce.

Na kama ƙafafu, ita ta rungumo shi ta hammata, muka ɗaga. Mutum ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, amma nauyi kamar buhun gero. Sai da muka huta sau biyu kafin mu kai shi katifa. Wannan ce faɗuwarsa ta huɗu a wata guda.

Shekara talatin da ɗaya ke nan muna raba katanga da Alhaji Harisu, a unguwarmu ta bayan rijiyar Kusugu a Daura. Ba mai kiransa da sunan yanka. Turare ya sayar a kasuwa tun yana saurayi, shi ya sa kowa Baba Maiturare yake ce masa. Mutum ne mai tsafta har ta yi yawa. Ko masallacin ƙofar gida zai je sai ya sake riga. Ranar da mijina ya rasu, shi ya tsaya a kan komai har aka kai shi makwanci. Matar Baban, Inna Lami, ta rasu shekara huɗu kafin wannan lokacin. 'Ya'yansu uku: Nu'uman, babba, yana aiki a Abuja, Anwar yana fataucin hatsi a Mai'adua, sai Siddiƙa, ita kaɗai ce mace, tana aure a Dutsi, tana koyarwa a firamare, 'ya'yanta uku.

Da ɓarin jikinsa ya shanye, mako biyu Siddiƙa ta ce za ta yi. A ranar da nake ba ku labari tana cikin wata na bakwai tana jinyarsa.

Ba wai 'yan'uwanta sun yi watsi da ita ba ne. Nu'uman yakan kira safe da yamma, yakan aiko da magani a mota, wanda wani likita abokinsa ya rubuta bai taɓa ganin tsohon ba. Anwar yakan shigo a kan babur, ya ajiye jarkar jiƙo daga wajen wani mai magani na bakin iyaka, ya ce a ba shi kofi ɗaya kafin karin kumallo, ya sha ruwa a tsaye ya wuce. Asibitin gari su ma sun rubuta nasu. Duk wanda ya zo dubiya kuma da tasa shawarar. Komai a hannun Siddiƙa yake ƙarewa: ita ce wanka, ita ce wanki, ita ce fo, ita ce girki, ita ce tunawa da wace ƙwaya aka sha wace ba a sha ba.

Bayan azahar ta shigo gidana, ta zauna a kan turmin da na kife. Zafin bazara ya yi tsanani, ba wuta tun shekaranjiya.

"Yaya, yau na yi masa tsawa."

Na daina datsa zare, na dube ta.

"Da safe ne, kafin ya faɗi. Ya zubar da koko a zanin gadon da na gama shimfiɗawa. Na ce, 'Haba Baba, so kake ka kashe ni?' Sai ya tsaya yana kallona. Shi ya sa bai kira ni ba da zai je makewayi. Da kansa ya ja jiki." Ta murza tafin hannunta a gwiwa. "Ubana fa, Yaya."

"Gajiya ce, Siddiƙa. Allah ya san zuciyarki."

"Hedimasta ya aiko, ya ce ba zai iya ƙara rufa mini ba. Baban Fadila ya daina tambayata yaushe zan dawo. 'Yata Fadila kuwa in an ba ta waya sai ta yi shiru. Sallah ma ban san raka'a nawa nake yi ba."

Ba ta yi kuka ba. Shi ma kukan sai da ƙarfi.

Da ta fita na yi abin da ban taɓa yi ba, na kira Nu'uman. A gabana ya girma, ba na jin nauyinsa. Na ce masa, "Ko dai ka san yadda za ka yi, ko kuwa jinya biyu za ka yi, ta ubanka da ta ƙanwarka." Ya ce, "Na ji, Yaya."

Kwana biyar bayan nan ya kira ya ce wata mata za ta zo. Sista Murjanatu sunanta. Shekara talatin ta yi tana aikin nas kafin ta yi ritaya, yanzu aikinta shi ne tsara jinyar tsofaffi a gidajensu, shi zai riƙa biyanta. Gaskiya raina bai so ba. Na ce a zuciyata, yaushe aka fara ɗauko bare a Daura don jinyar uba, 'ya'yansa uku suna raye? Ni da na yi jinyar mijina shekara biyu ni kaɗai, wa ya tsara mini? Na manta, ko na ƙi tunawa, cewa tun daga lokacin bayana bai sake miƙewa daidai ba.

Ranar Litinin da hantsi Keke Napep ta sauke ta. Mace ce mai jiki, ta haura sittin, tana ɗingisa ƙafar hagu, da baƙar jaka da ta sha jiki. Ta yi sallama, ta durƙusa da ƙyar ta gaida Baba, ta tambaye shi ko ya yarda ta duba shi. Ya gyaɗa kai. Ta auna jininsa yana kwance, ta sa muka zaunar da shi ta sake aunawa. Ta duba dugadugansa, ta duba bayansa. A ƙasan ƙugunsa ta tsaya.

"Tun yaushe nan ya yi ja?"

"Kwana goma," in ji Siddiƙa. "Ina shafa masa man kaɗanya."

"Kin yi ƙoƙari. Bai fashe ba tukuna, za mu tare shi." Ta miƙe tana dafa bango. "Kawo mini duk abin da yake sha. Duka, har na cikin jarka."

Siddiƙa ta kawo tire, ta juye leda uku a kai. Sista ta sa tabarau, tana ɗaukar kwali ɗaya-ɗaya tana karantawa. Ta ware guda biyu gefe.

"Wannan wa ya kawo?"

"Yaya Nu'uman."

"Wannan fa?"

"Na asibiti ne."

"Kuma duka kike ba shi?"

"Eh, ɗaya da safe, ɗaya bayan ya karya."

"Maganin hawan jini ne, iri ɗaya ne. Kwalin ne kawai ya bambanta. Ninki biyu yake sha, shi ya sa in ya miƙe jiri ke ɗibarsa."

Siddiƙa ta dafe bakinta. "Ke nan ni ce nake kayar da shi."

"A'a. Ke an ba ki ne aka ce ki ba shi, kika ba shi. Likita biyu ne suka rubuta, ba wanda ya san da ɗaya. Daga yau likita ɗaya ne, kuma ta hannuna komai zai bi." Ba ta cire ko ƙwaya ɗaya da kanta ba. Nan take ta kira likitan da ke duba shi a asibitin gari, ta karanta masa sunayen, ta faɗa masa awon da ta samu, ta rubuta abin da ya ce. Leda uku suka koma kwali huɗu.

Sannan ta ce wa Siddiƙa ta je ta yi wanka ta ci abinci, tana son magana da Baba. Ni ta ce in tsaya, don tun da bakinsa ya karkace, bayan Siddiƙa ni ce na fi gane maganarsa.

Ta jawo kujera 'yar tsugune kusa da kansa. "Baba, kowa ya gaya mini abin da yake so a yi maka. Kai ban ji naka ba."

Ya daɗe yana kallon rufi. Wata bakwai ba wanda ya yi masa wannan tambayar, har da ni. Da ya buɗe baki sai da na sunkuya.

"Ya ce kada 'yarsa ta ƙara ganin tsiraicinsa," na faɗa.

"To. Sai me?"

Ya sake motsa baki.

"Ya ce asibiti ya ishe shi. In lokaci ya yi, a bar shi a ɗakin nan."

"Na ji, Baba. Na farko a wannan makon zan gyara shi. Na biyu kuwa sai na gaya wa 'ya'yanka, kuma Barakatu ce shaida. Ka yarda in gaya musu?"

Ya gyaɗa kai, ya lumshe ido.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka zauna a tsakar gida, ƙarƙashin dalbejiya. Nu'uman ya zo daga Abuja. Anwar ya zo da fushinsa, ko hularsa bai cire ba.

"Ni ban gane ba," ya ce. "Ubanmu ne. Mu muka gaza ne da za a kawo mana wata ta koya mana yadda za mu riƙe shi? Me mutanen unguwa za su ce?"

"Ba ku gaza ba," in ji Sista. "Mutum ɗaya aka bar wa aikin mutum biyar. Ni ban zo in karɓe muku uba ba, ba ni zan yi masa wanka ba, ba ni zan kwana da shi ba. Aikina in ga kowa ya san nasa, kuma in wani abu ya taso a san wa za a kira. Malam Anwar, yaushe rabonka da ka kwana a gidan nan?"

Ya kau da kai. "Kasuwa ce."

"Na sani. Wace rana ce ba ka da kasuwa?"

"Alhamis. Da Juma'a."

"To, Alhamis da Juma'a naka ne. Siddiƙa ta tafi Dutsi ta ga 'ya'yanta."

"Ni ba inda za ni," Siddiƙa ta ce da sauri. "In wani abu ya same shi ba na nan fa?"

"In kika faɗi kina nan fa? Ke ma na auna jininki ranar Litinin, kin san abin da na gani."

Daga nan ta gaya musu abin da Baba ya faɗa game da wanka. Ba wanda ya ɗaga kai. Ta ce akwai Malam Sabiru, dattijo ne da ya yi aikin kula da majinyata maza a asibiti shekaru da yawa, ta san hannunsa. Zai riƙa zuwa safe da yamma, ya yi wa Baba wanka, ya juya shi, ya motsa masa gaɓoɓi. Da ta zo kan maganar asibiti kuwa, Nu'uman ya ɗaga hannu.

"Wannan a bar ta tukuna. Ba mu kai nan ba."

"To, an bar ta. Amma kun ji."

Jiƙon Anwar ma ba ta zubar ba. Ta ce likita ya ce a dakatar da shi don ba a san me ke ciki ba, ga ƙodar tsoho. Rubutu da addu'a kuwa a ci gaba, man shafawar da ya kawo ma a ba Malam Sabiru ya riƙa murza masa ƙafa da shi. Na ga kafaɗar Anwar ta sauka. Ni aka ba ni abincin rana na kwana biyun da Siddiƙa ba ta nan: gishiri kaɗan, ba maggi, ba suga a kunu.

Cikin mako guda gidan ya sake kama. Mai walda ya kafa bututun ƙarfe a jikin bango tun daga ƙofar ɗaki har makewayi, don ya riƙa kamawa. Aka kawo kujera mai rami da fo a ƙasa. Sista ta aro keken marasa lafiya daga wani gida da suka gama amfani da shi. Ta manna takarda a bayan ƙofa, da manyan baƙaƙe: wace ƙwaya, wane lokaci, wa zai bayar, da lambar wayarta a ƙasa. Talata da Asabar take zuwa, ta auna, ta duba baya, ta sha ruwa ta tafi wani gidan. Ranar ganin likita ita take riƙe da kati, ita take magana, ta dawo ta yi wa kowa bayani iri ɗaya, har Nu'uman a waya.

Kada in yi ƙarya, ba komai ne ya gyaru ba. Baba bai warke ba, hannunsa bai motsa ba. Anwar ya tsallake Alhamis ɗinsa sau biyu; a na biyun Sista ta kira shi, ban san me ta gaya masa ba, amma bai sake ba. Akwai makon da Malam Sabiru ya kwanta zazzaɓi, kafin la'asar ta turo wani. Mata a gidan biki sun yi ta maganar, wai 'ya'yan Maiturare sun yi hayar masu jinya kamar Turawa. Har gabana aka faɗa. Na ce wa mai faɗar, "Ranar da muke jansa a siminti ban gan ki ba."

Amma bai sake faɗuwa ba. Jan da ke bayansa ya baje. Da yamma Malam Sabiru yakan sa masa farar riga da hula, ya tura shi zaure, tsofaffin abokansa na kasuwa su zo su zauna, su yi ta hirar mutanen da suka mutu. Shi dai saurare yake yi, wani lokaci ya yi dariya da rabin baki.

Tafiyar Siddiƙa ta farko, sau tara ta kira ni a yini ɗaya. Ta biyu sau uku. A ta uku ta dawo da Fadila, 'yar shekara biyar, an yi mata kitso. Na shiga da kwanon tuwo na tarar Siddiƙa tana zaune a bakin katifa tana yanke masa farce, tana ba shi labarin gonar mijinta, yadda aka yi sharar gona ana jiran ruwa. Ba ta da komai a hannu sai wannan. Na ji ta ce, "Baba, ka yafe mini maganar ran nan." Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kanta, ya bar shi nan. Na ajiye kwanon a bakin ƙofa na koma.

Haka muka yi wata uku. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa.

Wata Asabar da safe Malam Sabiru ya leƙo ya ce Baba ya ƙi haɗiye koko, kuma bai gane shi ba. Kafin in ɗaura zani Siddiƙa ta riga ta kira lambar bayan ƙofa. Sista ta iso, ta duba idonsa, ta saurari ƙirjinsa, ta fita waje da waya. Bayan azahar ta dawo da likitan da kansa. Ya daɗe a ɗakin. Da ya fito ya ce ciwon ne ya sake bugunsa, wannan karon ya fi na farko, ƙodar ma ta gaji. Ya ce za a iya kai shi babban asibiti a sa masa robar abinci ta hanci, a yi ƙarin ruwa. Wataƙila ya ƙara kwanaki, amma shi bai ga alamar zai farfaɗo ba. Sani na Allah ne.

Nu'uman ya iso washegari da rana, idonsa ja, ƙafarsa duk taɓo. Ko zama bai yi ba.

"A shirya shi. Kano za mu. Na yi magana, akwai gado."

Siddiƙa ta dube ni, na dubi Sista. Tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafarta mai ciwo.

"Alhaji Nu'uman, zauna ka sha ruwa."

"Ba lokacin ruwa ba ne, Sista."

"Minti biyar ba za su canza komai ba. Zauna." Ya zauna a bakin rijiya. "Ubanku ne, shawara taku ce. In kuka ce Kano, ni zan nemo motar asibiti, ni zan shiga bayanta da shi. Amma ba zan bari ka yanke ba tare da ka ji abu biyu ba. Ga lambar likita, ka kira shi da kanka, ka tambaye shi duk abin da kake so. Na biyun kuma ka riga ka ji, ka ce a bar shi tukuna. Yau mun kai nan."

"Lokacin ba ya cikin hayyacinsa."

"Yana ciki," na ce. "Ni na ji da kunnena, Nu'uman. Ya ce asibiti ya ishe shi, a bar shi a ɗakin nan. A ɗakin nan Inna Lami ta cika."

Ya cire hula ya riƙe a hannu. "Yaya, shekara goma sha takwas ina Abuja. Sallah da Sallah nake zuwa. Yanzu kuma a ce ina da halin kai shi, na zauna ina kallo?"

"Ba kallo za ka yi ba," in ji Sista. "Akwai aiki, kuma na ɗa ne. Zan nuna maka."

Ya fita zaure da waya. Mun ji muryarsa sama-sama, yana tambaya, yana sake tambaya. Ya fi rabin awa. Da ya dawo ya wuce mu ya shiga ɗakin, ya tsuguna a gaban katifa. Anwar ne ya fita ya ce wa direban Nu'uman ya sauke jaka.

Kwana biyun da suka biyo baya Sista ba ta yi nisa ba. Ta karɓo maganin rage raɗaɗi da likita ya rubuta. Ta nuna wa Nu'uman yadda zai jiƙa auduga ya shafa wa Baba a leɓe, da yadda za su juya shi su biyu da Anwar ba tare da sun ja fatarsa ba. Ta gaya musu tun da wuri cewa numfashinsa zai sauya, zai riƙa tsayawa yana dawowa, ƙafafunsa za su yi sanyi, kada su firgita. Ta tsaya a zaure ta rage masu dubiya, biyu-biyu, ba daɗewa. Ta sa na dafa abinci da yawa, ta tsare Siddiƙa sai da ta ci.

Ranar Talata da hantsi, an yi yayyafi an ɗauke, ina tsakar gidansu ina tsince shinkafa, Sista ta leƙo ta ce, "Barakatu, shigo." Na wanke hannu na shiga. Nu'uman yana wajen kansa, yana maimaita kalmar shahada a hankali kusa da kunnensa. Anwar yana riƙe da ƙafafunsa. Siddiƙa ta sa hannunsa cikin nata biyu. Malam Sabiru ya riga ya yi masa wankan safe, yana cikin farar riga. Numfashin ya tsaya, ya dawo. Ya sake tsayawa. Muka jira. A waje wani mai sayar da kalanzir yana ta kira.

Sista ta sa yatsu biyu a wuyansa, ta daɗe, sannan ta janye.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Alhaji Nu'uman, rufe masa ido."

Bayan la'asar aka kai shi. Mutanen kasuwa sun rufe rumfuna sun zo, layi har bakin titi.

Ranar uku Sista ta zo ta yi gaisuwa kamar kowa, ta zauna cikin mata. Da aka watse ta tattara sauran magunguna a leda don kada yara su ɗauka, ta ce wa Anwar ya kai keken wani gida a can cikin gari, akwai tsohuwar da ke jiransa. Siddiƙa ta raka ta zaure, ta riƙe mata jaka.

"Ranar Litinin ki koma aji," Sista ta ce mata. "Kuma ki je a sake auna ki. Zan kira in ji." Ta juyo gare ni. "Ke ma wannan bayan naki, ki zo in gani."

"Ya saba," na ce.

"Haka kowa ke cewa." Ta hau Keke Napep da ƙyar, ta jawo ƙafar hagun da hannu.

Washegari muka fito da tufafinsa don a wanke a bayar sadaka. Ba mu san suna da yawa haka ba, akwati biyu da buhu. Tun safe muke wanki ni da Siddiƙa. Igiyarsu ta cika, muka kawo sauran gidana. Da azahar ta tafi haɗa kayanta, ni kuma na zauna a bakin ƙofar ɗaki, hannuwana sun yi fari saboda sabulu. Manyan riguna bakwai ne a igiyata, sun sa ta lanƙwasa har tsakiyarta ta kusa taɓa ƙasa. Ruwa yana ɗiga daga bakinsu, ya taru a wani ɗan rami, kajina suka zo suna sha.